Bakina ya ce hagu, jirgi ya kwanta dama: yaya kuke yi da sabo a lokacin tashi?

Mataimakin Matuƙi:

Assalamu alaikum manyanmu da abokan aiki. Yau kwana tara ke nan wani abu yana cin raina, na juya shi na juya, na ga gara in kawo shi gabanku. Ba zan faɗi kamfani ba, ba zan faɗi filin jirgin ba, domin ba wanda nake so in ɗora wa laifi.

Shekarata ta huɗu ke nan a kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, a jirgin fasinja mai inji biyu. Akwai filin da nake tashi daga cikinsa sau uku, wani lokaci huɗu, a mako. Hanyar fitarsa na san ta kamar yunwar cikina. Daga titin da aka fi amfani da shi akwai tsararrun hanyoyin tashi guda biyu, irin waɗanda muke kira SID. Sunansu ɗaya, harafin ƙarshe ne kawai ya raba su. Mai Alfa, da ka kai ƙafa 1,500 sai ka karya dama. Mai Delta hagu take karyawa, kuma ba a cika bayar da ita ba sai idan jirage masu sauka suna shigowa ta ɗaya ɓangaren. A duk shekarun nan, bin da na yi wa Delta bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Ranar da asuba ne, gajimare ya sauko har kusan ƙafa 600. Tun kafin in kira masu kula da zirga-zirgar jirage neman izinin tafiya na riga na loda Alfa a kwamfutar jirgi, domin ita ce a takardar tafiyar da ofis ya turo. Ina cikin karɓar izinin a rediyo sai ga ma'aikacin ƙasa a bakin ƙofa da takardar lodi, ana kuma cigiyar mai wata jaka. Kyaftin ya cire abin kunnensa ya juya yana magana da su. Aka ce mini Delta. Na maimaita Delta, daidai ba kuskure. Na rubuta a 'yar takardar da ke maƙale a gabana, D ƙatuwa, har na zagaye ta da biro. Na ce a raina bari in duba alƙaluman lodin nan tukuna, sannan in canza a kwamfuta. Daga nan maganar ta fita kaina.

Da muka zo bitar tashi Kyaftin ya ce, "Kamar kullum, ko?" Na ce, "Kamar kullum, ranka ya daɗe." Ya kalli allo, na kalli allo. Mu biyu mun ga sunan, ba wanda ya ga harafin. Takardar kuwa tana nan a gabana, tsakaninta da idona bai kai kamu biyu ba.

Ni ke tuƙi. Muna ɗagawa muka shige gajimare, na sa otofailot, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, a ƙafa 1,000, a 1,500 jirgi ya kwanta dama a hankali, a kan layin da ke allo. Abin da ya fi tsorata ni har yau shi ne ban ji ko ɗar ba. Jikina ya yarda da karkatar nan gaba ɗaya, don ita ya saba da ita. Sai ga muryar mai kula da rada. Ta kira lambar jirginmu sau biyu a jere, ta ce mu karya hagu nan take, ta ba mu digiri, ta ce kada mu wuce ƙafa 3,000. Kafin in gama gane abin da ake ciki hannun Kyaftin ya riga ya kai kan majuyin alƙibla. A lokacin ne idona ya faɗa kan D ɗin nan da na zagaye da hannuna. Wani sanyi ya bi ta bayana tun daga wuya.

Abin bai fi daƙiƙa ashirin ba, amma muna gudun mil uku a minti, ka ga mun ci mil guda a inda ba a sa mu ba, a cikin gajimare, da wani jirgi a kusa wanda ba mu taɓa gani ba. Na'urar gargaɗin karo ba ta yi kuka ba, alhamdu lillahi. Kyaftin bai ce uffan ba sai da muka wuce ƙafa 10,000, sannan ya ce, "Ni ma ban tambaye ka izinin ba." Bayan mun sauka muka zauna tare muka rubuta rahoto.

Tambayata gare ku, musamman ku da kuka yi shekara ashirin ko talatin a sama: ceklis, wato jerin abubuwan da muke dubawa, mun yi shi daga farko har ƙarshe, ba layin da muka tsallake. Na san aikina, na yi barci isasshe. To yaya mutum yake sa idonsa ya karanta abin da ke rubuce a wurin da ya kalla sau ɗari uku?

Tsohon Kyaftin:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gode wa Allah, ka gode wa baiwar Allahn nan da ke kan rada. Ka kuma kyauta da kai da Kyaftin ɗinka da kuka rubuta rahoto ba tare da an tilasta muku ba. Na yi shekara talatin da ɗaya ina tuƙi kafin in ajiye, kuma irin abin nan ya taɓa samuna a shekarata ta goma sha tara, lokacin da nake ganin ba abin da ya rage mini in koya. Sabon matuƙi tsoro ke tsare shi. Da tsoron ya tafi, sai a nemo wani abin a ajiye a gurbinsa.

Ka lura da inda abinku ya lalace. An sa mutum biyu a gaban jirgi ne don ido na biyu ya zo ta wata hanya daban da ta farko. Idan na biyun ya leƙa abin da na farko ya yi ya gyaɗa kai, to mutum ɗaya ne ke cikin ɗakin. Ka nemi labarin jirgin Varig mai lamba 254 a Burazil, ranar 3 ga Satumba 1989. Boeing 737 ne, zai tashi daga Maraba zuwa Belem, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, wajen arewa maso gabas. Kamfanin ya koma rubuta alƙibla da lamba huɗu, aka rubuta 0270, ana nufin digiri 27. Kyaftin ya karanta 270, ya saita yamma sak. Mataimakinsa bai ɗauki takarda ya fitar da tasa ba, ya leƙa ta Kyaftin ya kwafa. Da yamma ne, rana tana faɗuwa a gaban hancin jirgin mutanen da ya kamata su fuskanci arewa. Suka yi ta bulayi a saman dajin Amazon fiye da awa uku har mai ya ƙare, suka sauka a kan itatuwa cikin duhu. Mutum 12 cikin 54 suka rasu. Shi ma jirgin Koriya mai lamba 007 a 1983, binciken ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ya nuna tun jim kaɗan bayan tashinsu daga Ankorej ta Alaska otofailot yake riƙe da alƙibla guda, bai kama hanyar da aka loda ba, fiye da awa biyar, har suka shiga sararin Tarayyar Sobiyet aka harbo su da mutum 269.

Abin da na riƙe bayan nawa kuskuren shi ne wannan. Izini ba a karɓarsa sai kunne huɗu suna ji. Idan abokina yana magana da na bakin ƙofa, in jira shi, ko na bakin ƙofar ya jira. Minti ɗaya ne. Sannan a wurin bita, wanda bai loda ba shi zai karanto abin da ke allo da ƙarfi, suna da lamba da harafi, wanda ya rubuta izini yana bi da yatsa a takardarsa da taswira. Allo ke amsa tambaya, takarda ke yin maki. Kalmar nan "kamar kullum" kuwa na haramta ta a ɗakin tuƙina, ko da filin da muka tashi daga cikinsa da safen nan ne.

Da mun hau titi kuma, kafin in tura mai, nakan faɗi lambar titin ina kallon kamfas, in faɗi juyin farko hagu ne ko dama, in faɗi tsayin farko. Wannan na titi na ƙara shi ne bayan abin da ya faru a Lexington ta jihar Kentaki a Amurka, ranar 27 ga Agusta 2006, kafin gari ya waye. An ba jirgin Comair mai lamba 5191 titi 22 mai tsawon ƙafa 7,000, suka hau titi 26 mai ƙafa 3,500, wanda ko fitila babu. Lambar titi daga alƙiblarsa take, don haka tsakanin titunan nan digiri 40 ne a kamfas, yana nan a gaban kowannensu. A kan hanyar zuwa titin suna hirar da ba ta shafi aiki ba, alhali tun 1981 dokar ƙasarsu ta hana haka a ƙasa da ƙafa 10,000 da lokacin tafiya zuwa titi. Jirgin ya yi haɗari, mutum 49 cikin 50 suka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi da naka.

Mai Hasumiya:

Ƙanena, sannu da wannan fargaba. Bari in faɗa maka yadda abin yake daga kujerarmu, don na sha zama a inda waccan 'yar'uwar tawa ta zauna.

Idan ka maimaita mini Delta daidai, ni a wurina magana ta ƙare. Na saki wani jirgin ya shigo ta damanka ne saboda abin da bakinka ya faɗa. Abin da ke cikin kwamfutarka ba na ganinsa. Sai ka fara juyawa, rada ta zagayo, kusan duk daƙiƙa biyar, in ga ɗigonka ya goce sau ɗaya, in jira na biyu don in tabbata ba idona ba ne, sannan in danna in yi magana, idan ma wani bai riƙe layin ba. Daƙiƙa ashirin ɗin da ka ƙirga, a nan suka tafi. Kuma ka yi sa'a idonta yana kanka a lokacin, ba a kan ɗaya daga cikin sauran jiragen da ke hannunta ba.

A wurin horo ana yawan kawo mana abin da ya faru a Sidni ta Ostareliya ranar 10 ga Maris 2015. Airbus A330 ne na AirAsia X, zai tafi Kuala Lumpur. Kyaftin ya shigar da lambobin wurin da jirgin yake da hannunsa, sifili ɗaya ya zauna a inda ba wurinsa ba, digiri 151 na gabas ya koma 15. Kwamfuta ta ɗauka jirgin yana can kusa da Afirka ta Kudu, tazarar kilomita 11,000. Akwai alamun da na'urori suka nuna musu tun a ƙasa, ba a bi diddiginsu ba. Suna tashi daga titi 16 na dama suka karkata hagu, suka ratsa hanyar titin da ke gefensa, dole mai kula ya riƙe jirgin da ke shirin tashi daga can. Yanayi ya hana su komawa Sidni, sai da rada aka ja su har Melbon.

Roƙona gare ku matuƙa: idan an sauya muku titi ko hanyar tashi kuna cikin tafiya zuwa titi, ku ce kuna buƙatar minti biyu. Wallahi ba ma jin haushi. Wanda ya ce "ban shirya ba" ya fi mini sauƙi sau dubu a kan wanda zan kira sau biyu a jere murya tana rawa.

Malamin Tuƙi:

Ranka ya daɗe Kyaftin, ban ja da kai ba a kan komai, amma ina da ƙari, kuma ina jin tsoron abu guda. Duk kalmar da muka ƙara a ceklis, yau da gobe ita ma sabo zai cinye ta. Na sha ganin ɗalibi yana cewa "titi ya yi daidai da kamfas" idonsa yana waje. Baki yana iya aiki shi kaɗai, abokinmu ma ai bakinsa Delta ya faɗa.

Ni ƙananan jirage nake koyarwa, inda mutum yake shi kaɗai a cikin gajimare, ba ido na biyu. Abin da nake yi wa ɗalibaina kafin mu tayar da inji, nakan rufe allon da tafin hannuna in ce, faɗa mini tashin nan da ka. Ina za mu fuskanta, a wane tsayi za mu juya, ta wane hannu, dutse yana ina, kuma me ya bambanta yau da jiya. Wannan ta ƙarshen ba ta amsuwa da hadda, dole mutum ya tsaya ya yi tunani. Da an yi maka ita ranar, abokina, da ka ce "yau Delta aka ba mu", domin maganar tana cikin kanka, ba wanda ya taɓo ta ne kawai.

Akwai wani sakacin kuma da ba a cika magana a kansa ba, na hawa. Ƙa'idar da aka gina hanyoyin tashi a kanta ita ce jirgi ya hau aƙalla ƙafa 200 a kowane mil, kada kuma ya juya sai ya kai kimanin ƙafa 400 sama da titi, in dai taswira ba ta faɗi wani abu daban ba. Amma agogon da ke gabanka ƙafa a minti yake nunawa. Idan kana cin mil biyu a minti, 200 ɗin nan ta zama 400 a minti. Idan taswira ta ce 400 a mil saboda tsauni, kana buƙatar 800 a minti. A rana mai zafi, da cikakken lodi, da iska tana tura ka ta baya, ƙaramin jirgi ba lallai ya ba ka wannan ba. Wanda ya saba tashi daga shimfiɗaɗɗen fili yakan daina karanta wannan ɗan rubutun na gefen taswira, ranar da ya je filin da ke tsakanin duwatsu ma ba zai karanta ba.

Maganar da ka yi cewa jikinka bai ji komai ba, ka riƙe ta da kyau. A cikin gajimare jiki ba shaida ba ne. Kunnen ciki ba ya jin karkatar da ta gaza kimanin digiri biyu a daƙiƙa. Jirgin Kenya Airways mai lamba 507 ya tashi daga Duwala ta Kamaru cikin dare da hadari, ranar 5 ga Mayu 2007. Kyaftin ya yi kiran a sa otofailot ya saki sitiyari, otofailot bai kama ba, ba kuma wanda ya duba. Kusan minti guda jirgin yana kwanciya dama a hankali ba mai tuƙa shi. Da gargaɗi ya yi kuka sun riga sun rikice, suka faɗa fadama 'yan kilomita daga filin, mutum 114 ba wanda ya fita. Shi ya sa nake cewa duk maɓallin da ka danna, ka karanta layin da ke saman allo ka ga ko jirgin ya karɓa. Kafin kowane juyi kuma ka faɗi abin da kake jira daga takarda: "yanzu zai karya hagu". Idan fiffike ya kwanta dama, hannunka ya riga mai rada.

Mataimakin Matuƙi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Yaya Mai Hasumiya, maganarki ta daƙiƙa biyar ɗin nan ta zauna mini. Ban taɓa lissafa cewa kafin ki buɗe baki na riga na ci rabin mil ba.

Malam, na gwada taka shekaranjiya. Na kife takardar izini a kan allon, na faɗi tashin da ka, sannan na buɗe na gwama. Alfa aka ba mu, Alfa ke ciki, amma sai na tarar tsayin farko da aka ba mu 4,000 ne, ni kuwa bakina har ya fara cewa 5,000 da na saba. A majuyin tsayi daidai yake, Kyaftin ya saita 4,000, a kaina ne tsohuwar lambar take zaune. Na kuma daina loda SID kafin izini ya zo. Nakan bar gurbin fanko, don fanko yana tsone ido, cikakken gurbi kuwa ko da kuskure ne shiru yake yi. Na san wasu kamfanonin tsarinsu a loda tun farko ne a gyara daga baya, namu ya bar wa matuƙi zaɓi.

Saura abu guda da ke yi mini nauyi, Baba Kyaftin, kuma kai ne za ka iya amsa shi. A kujerar hagu kana da ikon haramta "kamar kullum". Ni a dama nake. Akwai kyaftin-kyaftin da nake tashi da su waɗanda sun fara tuƙi tun ban shiga makaranta ba, mutanen kirki, gwanaye. Idan irin wannan ya ce mini "kamar kullum, ko?" yana miƙa hannu zai ɗauki ceklis, ga lokaci ya ƙure, ga fasinja sun zauna, nauyin bakina nake ji. Ranar nan ma ina jin da kunyar ba ta sa na yi saurin amsawa ba, da na kalli takardata.

Tsohon Kyaftin:

Na san nauyin nan, ɗana, na zauna a dama shekara tara. Kada ka ce masa ya yi kuskure, don bai yi ba tukuna. Ka mayar da buƙatar kanka. Ka ɗaga takardarka yadda zai gan ta, ka ce, "Ranka ya daɗe, taimaka mini, karanto mini abin da ke allo in bi da izinin da na rubuta." Ban taɓa ganin kyaftin ɗin da ya ƙi wannan ba. Wata mataimakiya ta yi mini haka a shekarata ta ashirin da shida, ina cikin sauri, har na ɗan ɓata fuska. Na karanto mata. Titin jiya ne a cikin kwamfutar.